Gashin da na saka a ambulan ɗin Daktora

A shekarun da muka yi a Riyadh abubuwa da yawa sun wuce ta kaina, wasu ma sai maigidana ya tuna mini nake cewa au, haka fa aka yi. Amma akwai wasu kwana goma sha biyu da ba na jin ko tsufa zai iya goge mini su. Su ne kwanakin da na yi wa wata baiwar Allah ƙarya don in kare 'yata, alhali ita ma 'yar tawa take neman ceto.

A unguwar Shifa muke zaune, hawa na biyu. Maigidana yana aiki a wani asibiti, shi ke gyara na'urorin ɗakin gwaje-gwaje, da wannan aikin ne ya samu ya yi mana iƙama, wato takardar izinin zama, ni da 'yarmu. Ni kuwa aikina gida. Wanda bai yi rani a Riyadh ba ba zai gane irin shirun da ke sauka bayan azahar ba. Titi ba kowa, ko mage ba ka gani. Kowace taga a rufe da labule mai kauri, ba abin da kunnenka zai ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can muke ce wa mukayyif. A gidanmu na Malumfashi ko ba ka so sai ka ji daka, ka ji akuya, ka ji mai tallan fura. A Shifa kuwa muryar 'yata ce kaɗai ke nuna mini akwai rai a gidan.

To muryar ce ta fara tafiya.

Shekararta biyu da wata huɗu a lokacin, kuma da can surutu ne da ita kamar an kunna rediyo. Ta iya cewa ruwa, ta iya cewa Abba, ta iya cewa ba na so, har da 'yan kalmomin Larabci da ta tsinta a wurin mai ɗan kantin da ke ƙasan gidanmu. Sai kalmomin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana tsince su. Abinci ta daina ci sai da faɗa. Bayan gida sai ta kwana uku ba ta yi ba, ta riƙe ciki tana murƙususu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zaman da ta koma yi. Sai ta je kusurwar falo ta zauna ta fuskanci bango, ta sa yatsu biyu a baki, ta yi shiru. In kira ta sau uku kafin ta juyo, in ta juyo kuma ta kalle ni kamar tana neman tuna inda ta san ni. Mun kai ta ƙaramin asibitin unguwa, suka ce ƙarancin jini ne, suka ba mu maganin sha mai ɗanɗanon ƙarfe.

Na kira Innata a waya na faɗa mata. Ba ta ko bari na kai ƙarshe ba.

"Ido ne," in ji ta. "Yarinya mai kyau irin wannan, kina sa hotonta a waya kowa yana gani. Kina dai sa mata kwallin nan?"

"Kullum da safe, Inna."

"To ki ƙara da yamma. Ki ɗiga mata a goshi ma. Ki riƙa yi mata addu'o'in tsari."

Kwallin nan da take magana, ita ta aiko mini da shi ta hannun wata mai zuwa umra, a cikin ɗan tandu na fata. Dutsen ta saya a kasuwa, ta daka da hannunta, ta tankaɗe, ta yi masa tofi. Tun ranar suna nake zizara wa yarinyar shi, da bisimilla. Takan murza ido da hannu, ta mayar da yatsun baki, in ga baƙi a leɓenta in sa gefen zane in goge ina mata dariya. Na gani fa da idona, kullum. Ban dai san abin da nake gani ba.

A wurin aikin maigidana akwai wata likita Baturiya, kowa Daktora yake ce mata. Ya ce 'yar ƙasar Slovakiya ce. Ranar da na fara jin sunan na zaci maganin tari ne, sai da ya nuna mini a taswirar waya, wata 'yar ƙasa mai duwatsu a tsakiyar Turai. Ya ce kafin ta zo Riyadh, aikinta a can shi ne binciken yadda gubar da ke cikin ƙasa da ruwa ke shiga jikin mutane, kuma har yanzu tana rubuce-rubuce a kai. Wata rana ya tafi da masar da na soya, ya ɗan ba ta, ta ci ta ce lallai sai ta ga mai wannan hannu. Haka ta gayyace mu shan shayi ranar wata Juma'a, a gidajen ma'aikata.

Doguwa ce siririya. Gashinta fari fat kamar auduga ko da yake ba ta tsufa can ba, idonta kuma ba shi da launi, kamar ruwa a kofin gilashi. Ba ta ɗaga murya. Ta tarbe mu da fara'a, ta kawo shayi da wani burodi mai zuma, amma tun da muka zauna na lura ba ni take kallo ba, ba kuma maigidana ba. Idon 'yata take kallo. Ta yi magana ta dawo kansa, ta zuba shayi ta dawo kansa. Can ta durƙusa a gabanta, ta sa ɗan yatsa ta ja fatar ƙasan idon a hankali. Yarinyar da ba ta yarda da baƙo ta tsaya ƙyam ba ta motsa ba. Sai Daktora ta tambayi maigidana da Turanci, mene ne wannan baƙin, tun yaushe ake sa mata, tana cin abinci kuwa, tana magana? Gabana ya faɗi. Wa ya gaya mata ta daina magana?

La'asar ta yi, na nemi inda zan yi salla. Ta nuna mini lungu da hannu. Na ɗauki 'yata na bi, na murɗa ƙofar farko da na tarar.

Ɗakin sanyi ƙalau, ya fi falon sanyi nesa ba kusa ba. Labule a rufe, fitilar tebur a kunne da rana tsaka. Da idona ya saba da duhun sai na ga bangon. Hotuna ne jere, layi bisa layi, daga kusa da rufi har zuwa daidai ƙuguna. Bakunan yara ne. Ba fuska, ba ido, ba hanci, baki kawai a wangale, an ja leɓɓan da yatsu masu safar roba, haƙoran da tabo fari da rawaya. Ƙarƙashin kowane baki an rubuta lamba. A ɗaya bangon taswira ce, an ja wani kogi da shuɗin alƙalami, an soka jajayen allurai sun taru a bakinsa kamar tururuwa. A kan tebur ga ƙananan ambulan masu ruwan ƙasa a jere, ga wani ɗan almakashi na ƙarfe a kan farin ƙyalle yana ƙyalli.

'Yata ta zame daga jikina. Ta taka har gaban bangon ta tsaya, ta ɗaga kai tana kallo. Sai ta sa yatsunta a gefen baki ta ja leɓɓanta, ta wangale bakin daidai yadda na hotunan suke. Ba sauti ko kaɗan. Haka ta tsaya.

Yanzu na san kwaikwayo ne irin na yara. A lokacin kuwa ji na yi tsigar jikina ta tashi tun daga tafin ƙafa. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshena yana sarƙewa. Na fizgo ta na juya, sai ga Daktora tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi a ƙafarta, ban ji zuwanta ba. Ta yi murmushi ta ce ba wannan ɗakin ba ne, na gaba. Na wuce ta gefenta ban ce uffan ba. Sallar da na yi a gidan nan sai da na sake ta da muka koma.

Da za mu tafi ta tsayar da maigidana a ƙofa. Ta ce tana so a ɗebi jinin yarinyar a gwada. Na ji kalmar jini, na ce a'a tun kafin ya fassara mini, na ce an riga an ɗiba a unguwa. Ta ce wancan gwaji daban ne. Na ce a'a. Ta dube ni na ɗan lokaci, sai ta shiga ɗakin nan ta fito da ambulan guda biyu. Ta ce to a yanko mata gashin yarinyar kaɗan daga ƙeya, kusa da fata, a sa a ɗaya. A ɗayan kuma a ɗibar mata kwallin.

A mota, da muka hau babban titi, na juya wajen maigidana.

"Malam, ka ga ɗakin matar nan kuwa?"

"Ɗakin aikinta? Me ya faru da shi?"

"Bakunan 'ya'yan mutane ne a manne a bango, kowanne da lamba. Yanzu kuma jini take so, da gashi."

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Hajiya ke nan. Bokanya mai digiri uku? Kin taɓa ganin boka ya ba da ambulan mai lamba?"

"To bokan Turawa a ƙoƙo kake so ya karɓa?"

"Matar nan tausayin Mamana ta ji," in ji shi, don haka yake kiran yarinyar, sunan mahaifiyarsa gare ta. "Ki yanka ki ba ni ranar Lahadi in kai mata. Ba zan shiga wurin aiki ina sunkuyar da kai ba."

Washegari da ya fita na kira Inna. Ta yi salati ta sake yi.

"Gashi? Ke 'yar nan, ko askin suna aka yi wa yaro ba binne gashin ake yi ba? Farcenki na taɓa bari ya kwana a tsakar gida? Ki ɗauki gashin jikata ki miƙa wa wadda ba ki san asalinta ba, a ƙasar da ba ki da kowa? Kada ki soma."

Haka na tashi na gani a gidanmu. In an yi kitso, gashin da ya zube ana dunƙule shi a tura a ramin katanga ko a binne. A Riyadh ma da ba ni da ƙasar tonawa, a tukunyar fulawar da ke baranda nake binne namu. Ga umarnin miji, ga gargaɗin uwa, ga bangon nan da ba ya barin idona. Na yi ta juya abin ina wanke-wanke, har dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin ganin kaina nake uwa ta gari. Na shiga banɗaki na cire ɗankwali, na laluba ƙeyata inda gashi ke da laushi gajere, na yanko. Na ce in ma wani abu za a yi, ya sauka a kaina. Kwallin kuma na ce abin da Inna ta yi wa tofi ba zai shiga ɗakin nan ba. Ina da wani kwallin fensir da na saya a kantin magani ban taɓa amfani da shi ba, na kankare bakinsa da wuƙa a cikin ambulan na biyu. Na liƙe su na miƙa wa maigidana ranar Lahadi da safe. Ya ce yauwa, ko ke fa.

Daga ranar kuma na ƙara wa yarinyar kwalli ya zama sau uku, don idon Daktora ya riga ya sauka a kanta. Wannan shi ne abin da in na tuna nake ajiye duk abin da ke hannuna in zauna.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Yarinyar ta fara amai da safe. Tafiyarta ta canja, takan yi taga-taga kamar mai jin barci. Ranar Alhamis ta biyu, bayan azahar, ina ninke kaya sai na lura shirun gidan ya yi yawa, ko tsotsar yatsa ba na ji. Na leƙa falo. Tana zaune a kusurwarta, ido a buɗe. Na kira ta. Na tafa hannu a gaban fuskarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na girgiza ta ina kiran sunan Allah, sai can ta ja dogon numfashi ta fashe da kuka. Da maigidana ya dawo na faɗa masa, na ce ka ga aikin matar nan ya fara. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce ai ita ma tun jiya take nemansa. Ta ce kwallin ba komai a cikinsa, amma gashin ya nuna alamar dalma, kuma hankalinta bai kwanta ba. In ba daga kwalli ba ne, to wani abu ne a cikin gidan. Za ta zo gobe ta duba da kanta.

Ta zo bayan an sauko daga Juma'a, cikin baƙar abaya, da baƙar jaka. Ta gaishe ni da sallama irin ta wanda ya koya da girma. Ba ta zauna ba. Ta sa safar hannu shuɗiya, ta fara bin gidan. Ta goge dakalin taga da wata jiƙaƙƙiyar takarda, ta sa a leda ta rubuta lamba. Ta kankari fentin ƙofa. Ta tari ruwan famfo a 'yar kwalba. Ta shiga kicin ta buɗe tukwanena ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebi yaji, ta ɗebi kuka, ta shinshina daddawa ta ɗan runtse ido. Ta tambayi turaren wuta, ta tambayi kayan wasa. Daga nan sai ta yi abin da ban taɓa ganin babba ya yi ba. Ta durƙusa ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara rarrafe a falona. Farin kanta yana bin gindin kujeru, tana leƙa ƙarƙashin tebur, tana shafa bango daidai inda yarinyar ke zama. Maigidana ya raɗa mini cewa haka suke yi a aikinsu, sai ka sauko daidai tsayin yaro kafin ka ga abin da hannunsa ke kaiwa.

Ni kuwa ina tsaye a jikin ƙofar ɗaki na rungume 'yata, tandun kwalli yana cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa. Tsorona ya fara rikiɗa ya zama wani abu daban. Matar da ta girme ni da shekara ashirin tana jan gwiwa a kan tayil, tana neman abin da ni na san na ɓoye.

Da ta gama ta zauna a ƙasa tana haki. Ta miƙa wa maigidana kwalba, ta ce ya hau saman gida ya ɗebo mata ruwan tanki. Yana fita ta cire safar hannun, ta nuna mini ƙasa kusa da ita. Na zauna nesa kaɗan. Ta yi magana da Turanci a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda ɗan abin da na koya a sakandare zai ɗauka.

Ta ce a gabashin ƙasarsu aka haife ta, a wani ƙauye da ke ƙasa da wata tsohuwar masana'antar sinadarai. Shekara da shekaru dattin masana'antar yana bin magudana ya shiga kogi, daga kogi ya shiga tafki. Ba dalma ba ce, wata guba ce daban, wadda ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, tana maƙalewa a kitse. An rufe aikin tuntuni, amma gubar tana nan a laka. Mutane suna kama kifi, suna cin ƙwan kajin gidansu, suna shan nonon shanunsu. Ta ce aikin da ta yi rayuwarta a kai ke nan, ita da abokan aikinta. Suna bin yaran yankin tun suna ciki, su gwada jinin uwa, su gwada nononta, yaro ya girma su auna jin kunnensa, su duba haƙoransa, don a san abin da gubar ke yi kuma a gaya wa mutane abin da za su daina ci. Hotunan da na gani na yaran garinsu ne. An cire fuskokin ne, an sa lamba, don kada a gane ɗan wane ne a tona masa asiri.

"Mahaifiyata," in ji ta, "ba ta yarda da abincin kanti ba. Ƙwan kajinta take ba mu, da kifin da babanmu ya kamo. Ƙanwata ce ƙarama, ba ta da ƙiba, don haka ita ake zaɓar wa mafi kyau." Ta taɓa kunnenta. "Yau sai da na'ura take ji. Ba zan iya rantsewa daga nan ne ba. Mahaifiyata kuwa har ta mutu ta yarda daga nan ne."

Sai ta dube ni da idon nan nata marar launi, wanda a lokacin na ga ya yi ja.

"Gashin nan ba na yarinya ba ne. Yana da kauri, kuma da lalle a jikinsa. Tun ranar farko na sani. Ban gaya wa mijinki ba." Ta ce gashi ba ya yanke hukunci, alama ce kawai, amma mai gashin nan tana taɓa dalma kullum, kuma duk abin da uwa ke taɓawa yana kai wa ga ɗa. "Na duba gidan nan kaf don kada in zalunce ki da zato. Ban ga komai ba. Saura abu ɗaya. Abin da ke idonta yanzu yana ƙyalli. Wanda kika aiko mini ba ya ƙyalli."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na buɗe akwati na ɗauko tandun na ajiye a gabanta. Ta zazzaga kaɗan a kan farar takarda, ta ɗage labule ta karkata ta wajen rana. Garin ya yi ta walƙiya kamar an niƙa madubi a ciki. Kyawun da nake yaba masa ke nan kullum. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro tsumma mai tsabta daga jakarta, ta jiƙa, ta miƙo mini.

"Ke za ki goge mata," ta ce.

Ina gogewa, baƙin yana fita a tsumman, maigidana ya shigo da kwalbar ruwa. Ya dubi tandun, ya dubi takardar, ya dube ni. Na faɗa masa komai da Hausa, ban rage ba, har da sau ukun. Na jira ya yi faɗa. Ya ajiye kwalbar a hankali, ya ce, "Ɗauko wa Mamana takalminta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A ranar aka ɗebi jininta, ni na riƙe mata hannu. Dalma ce, mai yawa, irin wadda muka sha ji a rediyo tana kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya, ban taɓa kawo wa raina tana iya zama a cikin tandu ba. Dutsen kwallin kansa kusan duk ita ce. An kwantar da mu, aka yi mata magani na fitar da ita, aka yi ta maimaita gwaji wata da watanni. Ni ma an same ta a jinina. Na tambayi wani malami ɗalibin jami'a daga Nijar da ke koyar da mata karatu a unguwarmu, ko barin kwalli barin sunna ne. Ya ce ba kowane baƙin dutse ne ismidi, kwallin da hadisi ya ambata, ba, kuma addini bai ce ka sa wa ɗanka abin da zai cuce shi ba.

Kalmar farko da ta dawo wa 'yata ita ce ba na so, ranar da na kawo mata magani. Na yi sujada a nan kicin. Yanzu tana makaranta, tana da wayo da tsokana, sai dai karatu yana mata nauyi fiye da ƙannenta, sai an maimaita mata sau da yawa. Na taɓa tambayar Daktora, kafin ta koma ƙasarsu, ko kwana goma sha biyun nan ne suka jawo. Ta ce ba wanda zai iya sani, kuma ba za ta yi mini ƙarya don in ji daɗi ba.

Gaya wa Inna ya fi komai wuya. Na kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Daga ƙarshe na kira na faɗa mata.

"Ku takwas da shi na raine ku," ta ce.

"Na sani, Inna. Ba ki sani ba ne. Ni ma ban sani ba."

"Biyun da na binne fa?"

Na ce Allah ne masani, Inna, kwanansu ne ya ƙare. Ta ce haka ne. Bayan kwana biyu ta turo mini saƙon murya, ta ce ta bi gidajen yayyena da na maƙwabta ta karɓe tandayen jarirai, wasu sun ba ta, wasu sun ce tsufa ya fara taɓa ta. Ta ce in gaishe da Baturiyar, in ce mata wata tsohuwa a Malumfashi tana sa ta a addu'ar shiriya da ta alheri.

Abin da na koya ban koye shi da sauƙi ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina gadin 'yata daga baƙuwa, cutar kuwa ni nake zizara mata da hannuna, da so, da bisimilla. Son da nake mata bai hana dalma zama dalma ba. Kuma a ɗakin nan mai sanyi, da na buɗe baki na ce baiwar Allah, waɗannan hotunan na mene ne, da ta gaya mini a ranar. Na zaɓi in ji tsoro a maimakon in tambaya, don tsoro ya fi sauƙi. Har gobe ina karanta addu'o'in tsari safe da yamma, ba zan daina ba. Amma yanzu in na ga abin da ban gane ba, ko a hannun baƙo ko a hannun uwata, sai na tambaya kafin ya taɓa jikin ɗana.